Bitil Ɗin Kawu da Sanduna Takwas

Da kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka raba gidaje da gona lafiya lau. Abin da aka rasa mai so shi ne wata Volkswagen Beetle mai ruwan ƙwai, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a kujerarta ta baya. Suka ce in taimaka in ɗauke ta. Na ɗauka, aka gyara, ta tashi.

Da na tsaya a nan da yanzu ina da girata. To amma ina da ɗan gwaggo a Kalifoniya, inda samari suka mayar da Bitil motar tsere, kullum sai ya turo mini bidiyon wata tana ɗaga ƙafafun gaba sama in an taka totur. Injin tawa 1600 ne, silinda huɗu a kwance, ba ya shan ruwa sai iska, ƙarfinsa doki hamsin ne ko kusa da haka. Na rantse sai na ƙara masa dawaki.

Aka cire fiston mai faɗin milimita 85.5 aka sa mai 87, injin ya koma 1641. Aka sa kamshaf Engle 110 mai buɗe bawul sosai, da sifirin masu tauri, aka kuma kankare tof silinda kaɗan. Kuɗin da suka tafi ba zan faɗa ba, uwargida tana karanta mujalla.

Fushrod ne bai shiga lissafina ba, don kowa ya gan shi zai raina shi. 'Yar sanda ce siririya. Kamshaf yana tsakiyar injin, bawul suna can gefe, ita ce 'yar aike tsakaninsu: a turo ta daga ciki, ta tura roka, roka ta danna bawul. Guda takwas ne, kowace da rami a ciki, ta nan baƙin mai ke bi ya isa wurin roka. Yaron gareji ya mirgina nawa ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin taga, bakwai suka tafi sumul, ɗaya tana ɗingishi. Ta lanƙwashe.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa. Wani mai shago ya zaro mini takwas daga ƙasan buhu, ya busa ƙura. Na ce, “Na 1600 ne?” Ya ce, “Haba Alhaji, Bitil ai Bitil ce.” Ashe na 1200 ne. Fiston ɗin 1200 tafiyar milimita 64 yake yi, na 1600 kuwa 69, saboda haka wancan injin bai kai wannan faɗi ba, sandunansa gajeru ne. Muka ɗaure sukurun roka har ƙarshe, sanda tana ta lilo abinta. Na mayar, mai shago ya nuna mini wani rubutu a bango game da kayan da suka riga suka fita.

Ɗan gwaggo ya ce ma gara haka, don sandar asali ta alminiyam ce, sifirin mai tauri lanƙwasa ta yake in injin ya ɗauki wuta, rabon bawul ya salwanta a hanya. Ya aiko mini da na ƙarfen kuromoli. Da na buɗe kwali sai na ga sanduna zanƙala-zanƙala, gefe ɗaya da kai, ɗaya gefen a buɗe, ga kawuna takwas a 'yar leda daban. Na kira shi na ce Turawa sun cuce shi, aikin da ba a gama ba suka sayar masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce haka ake sayar da su, kowa ya yanka daidai injinsa.

Yanka kuwa ai ba wuya. Ranar da maigidan gareji ya tafi ɗaurin aure, ni da yaro muka ɗauko zarto. Muka jera sabuwa da tsohuwa, muka ja layi, muka yanke duka takwas daidai tsawon tsohuwa. Sannan muka buga kawunan da guduma. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa shi ma kan yana da tsawo, balle a tuna an kankare tof silinda. Sanduna suka yi tsawo, suka tokare bawul, babu wanda ke rufewa ruf.

Yaro ya murɗa makulli, injin ya yi ta juyi da sauri ba nauyi, ya ƙi kamawa. Na ce fetur ne bai iso ba. Na cika murfin gora, na sunkuya na zuba a bakin kafireta, na leƙa in ga ko ya shiga, na ce, “Buga!” Ya buga. Wuta ta biyo ta bawul ɗin da ke buɗe ta yi fau a fuskata. Da na shiga gida uwargida ta dube ni ta ce, “Maigida, wane wanzamin ne ya yi maka gira da rabin gashin baki, ya bar rabi?” A masallaci kuwa sai sannu da jiki ake mini.

Aka kwatanta mini wani tsohon bakanike da ya koyi aiki tun Bitil na amarya. Baba bai ce mini uffan ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin gajerun nan na kasuwa, ya raba ta biyu, ya sa dogon ƙusa mai zare da noti a tsakiya, ta zama sandar awo mai miƙewa da tsukewa. Ya sa ta a injin, ya juya fuli da hannu har bawul ya buɗe rabi, ya kwanta a tabarma yana hange ta gefe. Abin da yake nema shi ne sukurun roka ya miƙe ɗoɗar da sandar bawul. Sai da ya samu haka ya fitar da ita ya auna, ya cire tsawon kai, ya zare kawunan da muka buga, ya rage sandunan, ya goge bakinsu da fayil, ya wanke ramukan da fetur don kada garin ƙarfe ya bi mai. Daga nan ya zaro ma'aunin gibi ya saita tafet a milimita 0.15, injin na sanyi, yadda ya saba. Bugu ɗaya ta tashi.

Ranar ɗaukar amaryar ƙanina na sa mota a gaban ayari. Da fari lafiya. Injin na yin zafi sai ƙara ta fara, kaf-kaf-kaf, tana ƙaruwa, har gwaggwannin amarya suka ce in tsaya su koma Keke Napep. A ƙofar gidan ango na bar ta a kunne, sai ga wata yarinya da roba cike da tattasai da tumatir, wai an ce ta kawo markaɗe.

A daren na haɗa Baba da ɗan gwaggo a waya. Ya yi masa bayani cikin ladabi: injin yana buɗewa in ya yi zafi, sandar alminiyam tana miƙewa tare da shi, ƙarfe kuwa kusan rabin haka yake miƙewa, sai gibin ya yi ta faɗi. Saboda haka kuromoli a sifili ake saita shi da sanyi, sanda ta juya tsakanin yatsu amma ba ta motsa gaba da baya. Baba ya ce, “Sifili? Ɗana, bawul ɗin da ba shi da gibi ƙonewa yake.” Kuma gaskiyarsa, in alminiyam ne. Suka yi ta ja har katin ɗan gwaggo ya ƙare. Da safe Baba ya saita a sifili yana cewa a shaida ba da yawunsa ba.

Ƙarar ta kwanta, mota tana jan hawa a giya ta uku ba tare da roƙo ba. Ƙafafun gaba dai har yau ba su bar ƙasa ba. Duk mai Bitil 1200 da ke neman fushrod ya neme ni, ina da bakwai, zan yi masa sauƙi. Ta takwas tana akwatin Baba, ya ce ko magada ba zai ba wa ba.