A Dasa Dabino Inda Ba Mai Gani

Ra'ayina a kan noman dabino ɗaya ne, kuma ba na tsammanin za a same shi a takardun malaman gona: duk wanda zai dasa dabino, ya dasa shi a bayan doguwar katanga, nesa da hanya, nesa da mai shayi, nesa da duk wata inuwar da dattawa uku za su iya shimfiɗa tabarma. Masana suna maganar ƙasa mai rairayi, da ruwa a gindi, da rana a ka, da tazarar mita 8 zuwa 10 tsakanin wannan bishiya da waccan. Ban musa ko ɗaya ba. A Dutse ma akwai reshen cibiyar bincike ta ƙasa da ke aiki a kan dabino, kuma sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Sai dai tazarar da ta fi kowace muhimmanci ba ta cikin awonsu, wato tazarar da ke tsakanin bishiyar da 'yan kallo.

Dalili na farko shi ne hawan dabino ba ganganci ba ne, dole ce. Dabino yana da mace da namiji, kowa da gindinsa. Macen ce ke yin 'ya'ya, amma sai ƙurar furen namiji ta same ta. Idan ba ta samu ba, ko dai 'ya'yan su zube, ko su fito ƙanana marasa ƙwallo, ba zaƙi ba daraja. Wanda ya shuka ƙwallon da ya tofar bayan buɗa-baki caca ya yi, domin kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, kuma ba zai gane ba sai an yi shekara biyar ko fiye, ranar da fure ya fito. Shi ya sa manoman gaske suke cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa su dasa, don sun san abin da za su samu. Haka aka kai irin Majhul daga Maroko zuwa Amurka a 1927, 'ya'yan gindi 11 kacal. To idan gonarka mata ce zalla, ko namijin yana can nesa, sai ka nemo furensa, ka hau, ka cusa sili biyu ko uku a cikin furen macen, ka ɗaure. Mutanen Iraƙi suna wannan aiki tun zamanin Sarki Hammurabi, har dokokinsa sun taɓo shi. Kuma macen ba ta jiran kowa: da kuben furenta ya tsage, 'yan kwanaki ne kawai take karɓa da kyau. Lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a cikin sanyi. Duk wanda ya san unguwar Bahaushe ya san ina maza suke da hantsin hunturu. Suna waje, sun jingina da bango, ba su da abin yi sai kallo.

Dalili na biyu shi ne ƙayar. Ganyen da ke gindin kowace zarɓa ne ya rikiɗe ya zama tsinke mai tauri, wani ya kai santimita 10, wani ya zarce. Suna jere gefe da gefe, bakinsu yana duban sama da waje. Wannan tsari yana da mugunta irin ta mai ba da bashi: shiga da sauƙi, fita da wuya. Mai hawa daga ƙasa yana bin ƙayar ta bayanta, sai ta bar shi ya wuce, har ya fara raina ta. Sai ya kai cikin kan bishiyar ya nemi wurin zama, ko ya so ya ja baya, sannan zai gane cewa duk tsinken da ya wuce yanzu shi yake kallo. Bakin ƙayar kuma yana karyewa a cikin nama, ya kumbura wurin, idan a gaɓa ne ya hana ta lanƙwasuwa har tsawon makonni, kuma hoton ƙashi na asibiti ba kasafai yake nuna ta ba.

A haɗa waɗannan biyu, sai a ga abin da ba makawa zai faru, yau ko baɗi. Mutum ne magidanci, mai mutunci a layinsu, ya jingina tsani, ya hau da furen namiji a hannun dama. Ya ɗora ƙafar hagu a kan kututturen tsohuwar zarɓa, ya ɗaga ta dama ya tsallaka, ya miƙa hannu wajen furen macen, saura ɗan yatsa ɗaya ya kai. Sai ya ɗan sunkuya. Sunkuyawar nan ita ce duk labarin. Nauyinsa ya koma baya, mazaunansa suka sauka a kan zarɓar da bai lura da ita ba, ƙaya ɗaya ta shiga inda ba a faɗa, biyu suka riƙe wando. Ya zabura, ƙafar hagu ta shuri tsani, tsani ya tafi a hankali, cikin natsuwa, kamar mai barin taro ba sallama, ya kwanta a ƙasa da ƙarar da aka ji har bakin titi. A sake duban tsayuwar tasa da kyau, don a nan hujjata take. Idan ya yi sama, wandon ba zai bi shi ba, kuma tazuge ya riga ya fara ba da kai. Idan ya yi ƙasa, ƙayar farko tana da sauran tafiya. Hannun hagu yana riƙe da rai. Hannun dama yana riƙe da furen da ya roƙo daga wani gari, wanda ba zai saki ba ko da za a yi me, sai ya zama kamar ango mai miƙa kyauta ga amaryar da ba ta ko dube shi ba. Ƙura tana zubo masa a fuska, atishawa tana tahowa, shi kuwa ya san abin da atishawa ɗaya za ta jawo masa ta baya.

Har zuwa nan, abin da ya same shi ciwo ne kawai, kuma ciwo yana warkewa. Da a bayan katanga yake, da ya yi shiru, ya numfasa, ya zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sulmiyo ta jikin gangar, ya shiga ɗaki. Amma yana bakin hanya. Kafin ya gama salati an taru. Wani ya ce, "Alhaji, kada ka motsa!" Na kusa da shi ya ce, "A'a, ka motsa, amma a hankali." Wani ya tambaya ko ƙayar ta shiga sosai, kamar za a rubuta a takarda. Wani ya ba da labarin kawunsa da irin wannan ta samu a Agadas, ya bi labarin daki-daki har zuwa jana'iza. Wani ya kewaya bishiyar sau biyu, ya ɗaga kai, ya ce, "Anya ma wannan ba namiji ba ne?" alhali shekara goma yana cin 'ya'yanta kyauta. Tsanin yana kwance a gabansu, biyu daga cikinsu ma a kansa suke tsaye don su fi gani.

Za a ce mini ai iska tana kai ƙurar, ba sai an hau ba. Gaskiya ne a kurmin da maza suka yi yawa. Amma manomi ba ya ciyar da gona rabi maza, tunda da barbarar hannu namiji ɗaya yana isar mata hamsin. Mai bishiya biyu a ƙofar gida da ya dogara da iska, iska zai girba. Za a ce to ya ɗauki gwanin hawa ya biya shi. Wannan ya fi ƙarfi, sai dai furannin ba rana ɗaya suke buɗewa ba, yau ɗaya, jibi biyu, har a yi makonni, kuma babu gwanin da zai riƙa zuwa don nono ɗaya. Za a ce ya share ƙayar da lauje tun kafin fure, kamar yadda ake yi a manyan gonakin Kalifoniya da ƙasashen Larabawa. Na yarda, kuma ina ba kowa wannan shawara. Amma da me ake kai laujen wurin ƙayar? Hawa ake yi. An dai sauya wa abin kunyar rana ne, kuma yanzu mutumin yana maƙale da makami a hannu.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma a bayan katanga babu mai tayar maka da tsani. A kan tsani, amsar igiya ce, a ɗaure shi da gangar tun kafin a taka. A kan ɗaukar ɗaki kuwa, masu ɗaukar ɗaki hannu suke sawa. Abin da ake yi a gindin dabino baki ne zalla, kuma kowane baki yana jawo wasu biyu daga nesa, har da yaran da aka aika cefane, har da mai waya a hannu. Kuma ko an kori kowa, akwai mutum ɗaya da ba ya koruwa, domin ya girmi kowa. Shi ne yake zuwa a ƙarshe, yana dogara sanda, a buɗa masa hanya. Ya tsaya daidai ƙarƙashin abin da tazuge ya kasa rufewa, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana nazari, taro ya yi tsit ana jiran hikimar shekara tamanin. Sannan ya gyara murya ya ce, "Ɗan nan, ni a ganina, ka sauko kawai."