Jingar 'Yan Nazare: Asalinta da Masu Yin Ta

Jingar 'yan nazare aikin gida ne da malama ke ba yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 domin uwarsa ta yi. An fi samun ta a makarantun kuɗi na birane irin su Kano da Kaduna, kuma yawanta yana tafiya da tsadar kuɗin zango.

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantar nazare a ƙarni na 19, ya gina ta ne a kan wasa da waƙa da kula da shuke-shuke. Manufar ilimi ta Najeriya ma ta ce a koyar da 'yan nazare ta hanyar wasa. A Amurka akwai ƙa'idar jingar minti 10 ga ɗan aji ɗaya na firamare, ana ƙara 10 a kowane aji, wato a wannan lissafi rabon ɗan nazare sifili ne. A 2006 Harris Cooper na Jami'ar Duke ya tattara bincike, ya ga alaƙar jinga da ƙoƙarin 'yan firamare kaɗan ce. Duk waɗannan bayanai ba su taɓa rage nauyin jakar yaro ba.

Ana fara aikin ne bayan sallar isha'i, lokacin da yaro ya dawo daga Islamiyya, ya ci tuwo, an ɗauke wuta. Uwa takan kunna fitilar waya, ta damƙe hannunsa da fensir, su bi ɗigo-ɗigon harafi har ƙasan shafi, yana gyangyaɗi, yawu na jiƙa takarda. Idan barci ya yi awon gaba da shi, sai ta ƙarasa da hannun hagu don rubutun ya karkace yadda ya dace. A wasu gidajen yayansa ɗan aji huɗu ke karɓar kwangilar, a biya shi da alewa. Gudunmawar maigida tambaya ɗaya ce daga kan kujera: "An yi aikin yaron nan kuwa?"

Da safe malama, wadda ta haddace rubutun kowace uwa a ajin, takan zana tauraro da jan biro. Uwa takan ɗauki hotonsa ta tura wa dangi.

Makarantar da ta gwada daina jinga kuwa takan sha ƙorafi a taron iyaye: "Malama, kuɗi fa muka biya, ba wasa muka kawo su ba." Zango na zagayowa a kwashe yaran zuwa makarantar layin baya, inda ake ba da shafi uku.