Matar Aure a Las Vegas, Budurwa a Manila

Akwai wata takarda da Hukumar Ƙididdiga ta ƙasar Filifin, wato PSA, take bayarwa, ana ce mata CENOMAR. Aikinta guda ne: ta shaida cewa hukuma ta bincike kundinta kaf, ba ta ga inda aka rubuta cewa wane ko wance sun taɓa aure ba. Takarda ce mai kwarjini, ga hatimi ga lamba, kuma ba ta ƙarya da gangan. Aibinta kawai shi ne ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Saboda haka 'yar Filifin tana iya yin aure a Amurka, ta haifi 'ya'ya uku, ta aurar da na farin, furfura ta cika mata kai, amma ranar da ta aika Manila neman wannan takarda, hukuma za ta amsa mata a rubuce cewa budurwa ce. Ni dai ban san masu gyaran amaryar da suka kai wannan hukuma iya mai da tsohuwa yarinya ba. Sai dai budurcin nan tarko ne, kuma ra'ayina shi ne duk ɗan Filifin da ya yi aure a waje ya daure ya kai rahoton aurensa gida, ko da hanyar za ta sa shi surutu shi kaɗai a bakin titi. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja, zan kuma saurare su, amma ba su da gaskiya.

Dokar Iyali ta Filifin, wadda Shugaba Corazon Aquino ta sa wa hannu a 1987, ta faɗa a sashe na 26 cewa auren da aka ɗaura a wata ƙasa bisa dokar can, in ya inganta a can, to ya inganta a Filifin, ban da wasu 'yan nau'o'i da aka ware, kamar auren ƙananan yara da na muharramai. Sashe na 15 na dokar mu'amalar jama'a kuma ya ce hukuncin iyali yana bin ɗan ƙasa duk inda ya sa ƙafa a duniya. Ma'ana, tun daga lokacin da mai ɗaurin aure ya rufe baki, doka ta san ke matar aure ce, amma kundin gwamnatin da ta yi dokar bai sani ba, kuma ba zai tashi ya tambaya ba. Gwamnati ɗaya, baki biyu. Rahoton auren da ake kai wa ofishin jakadanci ba shi ke ɗaura aure ba, aikin sanƙira ne kawai, wanda ke miƙewa bayan an shafa fatiha ya shelanta cewa an ɗaura auren wane da wance. Bambancin shi ne a nan amarya ce sanƙirar kanta, ita za ta biya maimakon a yi mata kari, kuma muryarta sai ta yi watanni a hanya kafin ta isa kunnen mutanen gari.

'Yan Filifin da ke zaune a waje sun kai kimanin miliyan 10, daga ma'aikatan jinya a Riyad da Landan zuwa matuƙan jiragen ruwa da masu aikin gida a Hong Kong, don haka wannan ba wahalar mutum biyu ko uku ba ce. A ƙaddara wata ma'aikaciyar jinya ce a New York, ta ɗauki hutun kwana kaɗan suka je Las Vegas da angonta saboda can ba a jan rai. Ta dawo, ta shirya takardunta tsaf, ta nufi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta da ke titin Fifth Avenue, tana ganin ai gida ta zo. A nan za ta ji darasi na farko: ba inda kake zaune ake dubawa ba, inda aka ɗaura auren ake dubawa, kuma Las Vegas tana ƙarƙashin ofishin Los Angeles, can ɗaya gefen nahiyar. Da a Reno aka ɗaura, wadda jiharsu ɗaya da Las Vegas, da San Francisco za a tura ta. Wadda ta yi aure a Japan ta koma Kanada kuwa, da Japan za ta ci gaba da wasiƙa. Ana iya aikawa ta gidan waya, gaskiya ne, amma sai ango da amarya sun sa hannu a gaban mai tabbatar da sa hannu, kuma yawancin ofisoshi kwafi huɗu suke nema na kusan komai: fom huɗu, takardar aure huɗu, fasfon miji huɗu, na mata huɗu, takardar haihuwa huɗu. Mutumin da ya auri mace ɗaya tal, a ƙasar da ba ta yarda ya ƙara ba, sai ya cika takardun mai mata huɗu.

In shekara ta wuce ba a kai rahoton ba, sai an haɗa da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri. Wannan takarda tana burge ni, domin ita ce wuri guda da gwamnati ke tilasta wa baligi mai hankali ya rantse a hukumance cewa bai san abin da ba wanda ya gaya masa ba. Mai ɗaurin aure a Las Vegas bai san da zancen ba, dangin ango Ba'amurke ba su sani ba, uwar amarya a lardin Pangasinan ita ma hotunan biki kawai take jira. Yawanci sai ranar da fasfo ya ƙare, amarya ta so a rubuta mata sunan mijinta a sabo, sannan ma'aikaci zai ɗago kai ya tambaye ta, cikin ladabi, wane mijin.

Sunan kansa wani rami ne mai zurfi. A 1849 gwamnan Sifaniya a tsibiran, Narciso Clavería, ya raba wa jama'a kundin sunayen dangi don a ji daɗin ƙidaya da karɓar haraji, shi ya sa za ka ga mutumin da bai taɓa taka Sifaniya ba yana amsa sunan Sifaniyawa. Daga baya tsarin ya zauna a kan cewa sunan tsakiya na ɗan Filifin shi ne sunan gidan mahaifiyarsa, in mace ta yi aure ta ɗauki sunan miji kuma, sai na mahaifinta ya koma tsakiya, na uwar ya sauka daga mota. Akawun ƙaramar hukuma a Nevada, jihar da Las Vegas take, bai san wannan lissafi ba. Shi a wurinsa sunan tsakiya suna ne na biyu kawai, sai ya cusa abin da ya ga ya dace. Ga kuma ɗimbin matan da sunansu ya fara da Maria, ana taƙaita shi zuwa Ma. a wata takarda, a cika shi a wata. Ga dela Cruz a haɗe a fasfo, de la Cruz a rabe a takardar haihuwa. Ga harafin ñ da injin Amurka ke aske wa gashin baki. Kowane ɗaya ya isa ya sa a ce matar da aka haifa da matar da aka aura mutum biyu ne, sai ta kawo hujjar cewa ita ce ita. An yi doka a 2001 da ta ba da damar gyara kuskuren rubutu ba tare da zuwa kotu ba, wanda sauƙi ne na gaske, amma shi ma layi ne daban da fom ɗinsa daban. A tuna kuma, ɗaukar sunan miji ba dole ba ne a dokarsu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2010, a hukuncin da kuma ta ce wadda ta riga ta ɗauka a fasfo ba ta komawa na gidansu don kawai ta ga dama. Sai a 2024 sabuwar dokar fasfo ta ba mace damar komawa, sau ɗaya.

Bayan an karɓi takardun sai jira. Ofishin jakadanci zai aika wa Ma'aikatar Harkokin Waje a Manila, ita kuma ta miƙa wa PSA, kafin a samu kwafin da sauran hukumomi ke yarda da shi ana shafe wata shida, wani lokaci shekara. Tun watan Mayun 2019 Filifin ta shiga yarjejeniyar ƙasashe ta tantance takardu da hatimi ɗaya, aka huta da tsohon jan kirtanin da ake liƙa wa takardu. Nijeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya, saboda haka 'yar Filifin da ta auri ɗan Nijeriya, kuma akwai su tun zamanin malaman Filifin da suka koyar da lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980, sai takardarta ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja kafin ofishin jakadancin ƙasarta ya kalle ta da idon rahama.

To ga babbar hujjar masu cewa kar a kai rahoto, kuma ba hujjar wasa ba ce. In aka cire fadar Vatican, Filifin ce kaɗai ƙasar da ba ta da dokar saki ga gama-garin jama'arta. Musulmin ƙasar ne kawai ke da mafita a cikin gida, domin dokar 1977 ta amince musu da saki da hul'i da raba aure a gaban alƙalin shari'a. Sauran sai dai su nemi kotu ta ce auren bai taɓa ɗauruwa ba tun farko, galibi da hujjar cewa ɗaya daga cikinsu yana da nakasar ɗabi'a da ta hana shi riƙe aure, shari'ar da ke cin shekaru da dubban ɗaruruwan peso. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudirin saki a 2018, ta sake a 2024, duka biyun suka kwanta a majalisar dattawa. Don haka in wata 'yar'uwa ta ja amarya gefe ta ce mata, ke, kar ki kai kanki, bar ƙofa a buɗe ko don wata rana, ba mugunta ta sa ta ba. Ta ga jiya ne, ta ga yau.

Amma ƙofar da take nufi zane ce a jikin bango. Rashin suna a kundi bai kwance igiya ko ɗaya ba, tunda sashe na 26 ya riga ya ɗaure. Wadda ta karɓi CENOMAR ɗinta mai tsabta ta je ta sake aure a Filifin, auren farko yana raye, ta yi aure kan aure: na biyun ɓatacce ne, kuma dokar laifuka ta tanadi ɗaurin shekara 6 zuwa 12. Shaida kuwa ba ta wahalar samu a zamanin da amarya da kanta ta zuba hotunan bikin a Facebook, tana sanye da farar riga, tsohuwar suruka kuma ba ta share komai ba. Wato mai ɓoye aure ta ɗauki duk nauyinsa, ta yar da duk amfaninsa. Ranar da za a yi wa yara rajistar haihuwa a ofishin jakadanci za a tambayi takardar auren iyaye. Ranar da miji baƙo zai nemi bizar zama ta mazajen 'yan ƙasa, za a tambaya. Ranar rabon gado, ko neman fanshon mamaci, za a tambaya, kuma a ranar mai takaba ce za ta tsaya gaban tebur tana ƙoƙarin gamsar da ma'aikaci cewa ta yi rashin mijin da kwamfutarsa ta ce ba ta taɓa yi ba.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce in daina yi wa hukuma dariya, tsaurin yana da dalili. Yana da shi. Ƙasar da sai da ta yi doka a 1990 don hana safarar 'yan matanta da sunan aure ta hanyar wasiƙa tana da haƙƙin ta ƙura wa kowace takarda ido, kuma kundin da ke karɓar duk abin da aka jefa masa ba kundi ba ne. Ban ƙi bincike ba. Abin da ban gane ba shi ne saurin kunnen gwamnati a wani wuri da nauyinsa a wani. Waɗannan mutane suna aika fiye da dala biliyan 30 gida kowace shekara, gwamnati na yi musu kirari da sababbin jarumai, kuma babban bankin ƙasar yana fitar da lissafin kuɗin wata-wata ba fashi. Dalar ma'aikaciyar jinya tana isa Manila kafin ta ajiye wayarta, labarin aurenta kuwa sai ya ga damina da rani. Ba wanda ya taɓa ce wa dala ta koma Los Angeles saboda a can aka samo ta, ko ta zo da kwafi huɗu.

Inda abin ya fi ban dariya, ko ban tausayi, shi ne ƙarshen auren. Sakin layi na biyu na sashe na 26 ya ce in baƙo ya saki 'yar ƙasa a waje, ita ma tana iya sake aure. A 2005 Kotun Ƙoli ta faɗaɗa wannan ya haɗa da ɗan Filifin da ya zama ɗan wata ƙasa kafin ya yi sakin, a 2018 kuma, a shari'ar Manalo da ta taso daga sakin da aka yi a Japan, ta ce ko 'yar Filifin ce ta nemi sakin, ya yi. Sai dai shiga ta gidan waya ce, fita kuwa ta kotu: dole a shigar da ƙara a Filifin, a ɗauki lauya, a kawo takardar sakin, a kuma tabbatar wa alƙali da hujja cewa dokar waccan ƙasa ta yarda da saki, kamar yadda ake tabbatar da iyakar gona. In alƙali ya amince, ana rubuta hukuncin ne a gefen takardar auren da ke kundin PSA. Wadda ta bi shawarar 'yar'uwa ta ɓoye aurenta ba ta da takardar da za a yi rubutu a gefenta. Don haka kafin gwamnati ta yarda bazawara ce, sai ta koma ta kai rahoton auren da ya mutu shekaru da suka wuce, ta rantse kan dalilin jinkiri, ta kuma cika fom mai gurbin sa hannun ango. Sai ta nemo lambar tsohon mijin, wanda ya riga ya yi wani auren, ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar iyali, sannan ta roƙe shi ya taimaka mata da kwafin fasfonsa, guda huɗu.