A Gaishe da Gwanayen Rufin Asiri

A gaishe da hukumomin tsaronmu, gwanayen rufin asiri. A birnin Shehu kowa ya san darajar sutura, amma su sun kai ta inda malamai ba su kai ta ba: suna suturta mamaci har da abin da ya kashe shi. Matashi ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, a fito da shi kwance a bayan mota. Mahaifinsa ya tsaya gaban kanta, hula a hannu, a ce masa, "Baba, ana bincike, ka je ka yi haƙuri." Wane tausayi ya kai wannan? Ina amfanin dattijo ya karanta littafin da aka rubuta lokacin da ɗansa ya shigo, ko ya ga hoton daren da ya cika, hawan jininsa ya tashi?

Goodluck Jonathan ne ya so ɓata wannan tarbiyya, da ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai a watan Mayun 2011. Wai talaka ya rubuta takarda, cikin kwana 7 hukuma ta ba shi amsa, in ta hana ba bisa ƙa'ida ba a ci ta tarar naira 500,000. Allah ya taimaka, sashe na 12 ya keɓe bayanan da ake bincike a kansu, shi kuwa bincike a ƙasar nan ba ya tsufa balle ya mutu. Sashen ya ƙara da cewa idan amfanin jama'a ya rinjayi illar fitar da bayani, to a fitar. Madalla da jami'an da idonsu bai taɓa sauka kan wannan layi ba.

Har na'urori sun koyi kunya. Ranar 20 ga Oktoban 2020, a lokacin zanga-zangar EndSARS, kyamarar Lekki da ke Legas ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare, kamar yadda aka shaida wa kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi. Bayan zanga-zangar EndSARS jihohi da yawa sun kafa kwamitocin sauraron koke-koke, iyaye suka yi ta kuka a bainar jama'a. Sakkwato tana cikin 'yan jihohin da suka hutar da mutanensu wannan wahala. Ashe a nan ba a taɓa marin kowa ba.

Sai ga Kotun Ƙoli a Afrilun 2025 ta ce dokar 'yancin samun bayanai ta hau kan jihohi ma. To lauyoyi da 'yan jaridan Sakkwato, duk wanda ya mutu a hannun hukuma, ku rubuta takardar neman bayani da sunan iyalansa, ku ƙirga kwana 7, rana ta 8 ku nufi kotu.