Wasiƙa daga Washinton zuwa ga Taubashi a Kan Launin Sararin Sama

Daga ɗan'uwanku mazaunin arewa maso yammacin birnin Washinton, zuwa ga taubashinsa na Ƙofar Mata da dukkan mutanen gida.

Abin da ke cikin wannan ambulan, wanda babu shakka taubashi zai fara zazzage shi yana neman dala, kati ne mai huda a tsakiya, an kewaye hudar da launin shuɗi hawa-hawa, daga mai haske da ya kusa fari zuwa mai duhu da ya kusa baƙi, kowanne da lambarsa. Mutum yakan ba wa rana baya, ya ɗaga katin ya leƙa sama, ya nemi launin da ya dace da abin da ya gani, sannan ya rubuta lambar da kwanan wata ya aika wa wani ta gidan waya.

Asalin dabarar na Horace-Bénédict de Saussure ne, masani ɗan ƙasar Siwizalan, wanda a 1789 ya rina takardu ya jera launi 53 a da'ira domin auna shuɗin sama, kuma da irin wannan ma'auni wani masani, Alexander von Humboldt, ya samu lamba 46 a kan dutsen Chimborazo a 1802. Iska tana warwatsa shuɗin da ke cikin hasken rana fiye da yawancin sauran launuka, shi ya sa sama ke yin shuɗi, amma ƙura da tururin ruwa suna dusashe shi, don haka lambar tana nuna tsabtar iskar gari.

Birnin Washinton ya dace da aikin, domin wata doka ta 1910 ta hana gine-gine yin tsawon da zai tare sama, kuma daga tudun Fort Reno, wanda ya kai mita 125, ana ganin shuɗi mai zurfi a watan Oktoba. A Yunin 2023 kuwa hayaƙin gobarar dajin Kanada ya lulluɓe garin, jama'a suka koma sanya takunkumi saboda irin hazon da mutumin Kano ke cin tsirensa a cikinsa duk hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi.

Sanin kowa ne cewa taubashi ba ya ɗaga kai sama sai daren neman watan Sallah, amma wanda ya tashi a bakin marina, yana ganin yadda ake tsoma zane a ruwan baba a fito da shi kore-kore iska ta mayar da shi shuɗi, ba shi da uzurin kasa bambance launi. Ana roƙonsa ya auna sama da hantsi bayan ruwan Agusta ya wanke ta, ya sake aunawa a Janairu, ko da babu lambar da ta dace ya rubuta haka, ya maido da katin. A gaida Inna da yara. Wassalam.