Giwa, Gizo da Kundin Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin da ke bayan garin Zuba, kusa da gindin Dutsen Zuma, dabbobi suna da wani kundi da aka rubuta a kan fatar ɓauna. Zaki ne ya bar musu shi ranar da ya gaji da mulkin ƙarfi ya koma kogonsa. A farkon kundin an rubuta cewa dabbobin dawa ne suka taru suka tsara shi, alhali ko Zomo ba a kira ba. Duk da haka akwai doka ɗaya a ciki da kowa ya riƙe hannu biyu: wanda aka zaɓa zai yi damina huɗu, in an sake zaɓensa ya ƙara huɗu, sannan ya sauka.

Aka zaɓi Giwa. Ta yi aiki, ta share hanyar mashaya, ta hana Kura farauta a bakin rafi, ta fara haƙa babban tafki saboda rani. Da damina ta takwas ta gabato, tafki bai kai rabi ba, sai Gizo ya zo da dare ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, wa zai ƙarasa wannan aiki in kin sauka? Kundin nan ya tsufa, asu ya cinye gefensa. Kuma ai Zaki ne ya rubuta shi. A sake sabo mana."

Giwa ta yi shiru, ta kaɗa kunne. Maganar ta shige ta, domin rabinta gaskiya ce.

Gizo ya kwana yana saƙa. Ya jera gyare-gyare masu daɗin ji: a raba ruwa daidai, a bai wa tsuntsaye kujera a majalisa, a hana manya take ramukan ƙanana. Can tsakiya, da ƙananan baƙaƙe, ya cusa cewa shugaba na iya yin damina goma sha biyu. Ya ɗaure su duka a ƙunshi ɗaya, ya ce ko a karɓa gaba ɗaya ko a bari gaba ɗaya. Daren taro kuwa aka ga Kura tana zagaya ramuka da buhu a kafaɗa, tana ajiye wa kowane wakili tsokar nama.

Gari ya waye, aka hallara a ƙarƙashin tsamiya. Gizo ya karanta, aka yi ta tafi. Sai Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Malam Gizo, maimaita mana layin nan da ka bi da sauri." Gizo ya yi tari, ya maimaita. Wuri ya yi tsit.

Jemage ya sauko daga reshe. "'Yan'uwa, ni a kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba nake kwana, tsakanin tulin lemo da ayaba, ina jin hirar direbobin da ke jiran a sauke musu kaya. Mutanen ƙasar nan sun taɓa shiga irin wannan. Kundinsu na 1999 sojoji ne suka kafa shi da doka mai lamba 24, a mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, shi ya sa har gobe wasu ke cewa a sake shi. A 2006 aka kai wa majalisarsu gyare-gyare masu yawa a ƙunshi ɗaya, ciki har da wanda zai buɗe wa Shugaba Obasanjo ƙofar zango na uku. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da ƙunshin. Masu kyan ma suka tafi tare da mugun, saboda an ɗaure su da igiya ɗaya."

Shamuwa, wadda ta iso da ruwan farko, ta gyara tsayuwa. "Ni kuma a ƙasar Maraɗi nake sheƙa. A Nijar, Shugaba Tandja ya ce akwai ayyukan da bai ƙarasa ba. Majalisa ta ƙi, ya rushe ta. Kotun tsarin mulki ta ƙi, ita ma ya rushe ta. Ranar 4 ga Agusta 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka kafa sabon kundi da ya ƙara masa shekara uku. Tazarcen bai yi nisa ba, domin ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kutsa fada suka kama shi. Ranki ya daɗe, in kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama wuta, kin san abin yi."

Giwa ta sunkuyar da kai. Gizo ya yi wuf ya ce, "To, ashe mu ci gaba da zama da kundin Zaki ke nan?"

Sai ga Kurege ya fito daga rami, ƙasa duk a gashinsa. "Baba Kunkuru, a ba ni dama. Wannan tsamiyar da kuke taro a ƙarƙashinta, kakannina ne suka binne ƙwallonta. A kan ramukanmu kuka kafa fada, amma ba mu da kujera ko ɗaya. Halinmu ɗaya da Koro da Gbagyin da ke nan tun kafin 1976, lokacin da gwamnatin Murtala ta mai da ƙasarsu Babban Birnin Tarayya. Ba su da gwamnan da suka zaɓa, sai minista da ake naɗa musu. Ba su da majalisar jiha. In za a gyara kundin ƙasar, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, su kuwa ba a ƙirga da su a wannan zagaye. Kundin Zaki yana buƙatar gyara, mu muka fi kowa sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sai a zauna da mu."

Kunkuru ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Gizo ya yi gaskiya, kundi ya tsufa. Inda ya karkace shi ne wanda ya zaɓa ya ci moriyar gyaran. Ga shawarata. Na farko, a kwance ƙunshin nan, kowane gyara a jefa masa ƙuri'a shi kaɗai. Na biyu, duk gyaran da ya shafi kwanakin mulki, wanda ke kan karaga ba zai amfana da shi ba. Na uku, babu abin da zai zama doka sai an zagaya da shi rami rami, sheƙa sheƙa, kowa ya ji da kunnensa ya ce ya yarda ko bai yarda ba."

Aka yi na'am. Wakilan da suka karɓi nama suka dawo da shi a kunyace, suka zube a gaban Kura. Aka ɗauki damina guda ana zagaye. Gyaran ruwa ya wuce, tsuntsaye da mazauna ramuka suka sami kujeru, maganar damina goma sha biyu kuwa ko mai tsaya mata ba a samu ba. Gizo ya haye rufin ɗaki ya laɓe.

Giwa ta sauka ranar da wa'adinta ya cika. Aka zaɓi Barewa, ta ɗora haƙan tafki daga inda aka tsaya, Giwa na cikin masu kwasar ƙasa. Da aka zo rubuta sabon kundi, a farkonsa aka sake cewa dabbobin dawa ne suka tsara shi, kuma kowa ya dangwala tafinsa a ƙasan fatar, daga Giwa har Kurege.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.