Kada a Tambaye Ni Inda Za a Zauna a Nijar

Idan ka ji wani zai dawo Nijar da zama, ko baƙo ne da aiki ya kawo, yana neman wanda zai nuna masa inda ruwa da iska za su karɓe shi, don Allah kada ka turo shi wurina. Za a ce maka ni na dace, tunda na tsufa ina koyar da labarin ƙasa a lakwal, har yau kuma Mushe ake kira na. Sanin akwai shi, ban musa ba. Amanar ce babu. Duk wanda ya zauna a zaurena da wannan tambaya, daga Abijan ya fito ko Kumasi ko Sabha, da amsa ɗaya yake tashi: Dogon Dutsi.

Abin da ya sa ba a saurin gano ni shi ne da gaskiya nake farawa. Nakan ce masa faɗin ƙasar nan murabba'in kilomita 1,267,000 ne, ta fi Nijeriya, amma kada girman ya ruɗe shi. Kashi 77 cikin ɗari hamada ce, ruwan shekara bai kai milimita 150 ba. Kashi 12 da ke kudu da ita na samun 150 zuwa 350, ƙasar raƙumi da shanu ke nan. Sai kashi 10 mai samun 350 zuwa 600, inda gero da wake suke, inda kuma yawancinmu muka cunkushe. Kashi 1 tak da ya rage, can ƙuryar kudu wajen Gaya, shi ke samun 600 zuwa 800. Har dokar 1961 nake kawo masa, wadda ta ja wa noma iyaka daga arewa, ta bar abin da ya wuce nan ga makiyaya. A nan baƙo yakan gyara zama, ya ce lalle ya zo wurin masani. A nan kuma nake fara yi masa sakiyar da ba ruwa.

Gaya nake fara kayarwa, domin ita ce kishiya ta gaske. Damina na riga sauka can, tana kuma jimawa ba ta ɗauke ba. Ga Kwara a bakin gari, ga shinkafa da rake da rogo, ga mangwaro, ga dajin giginya. Mutumin da ya girma a kurmi, wanda idonsa ya saba da ɗanyen ganye, babu inda ya fi dacewa da shi a ƙasar nan. Duk wannan na san shi, na ma koyar da shi. Abin da nake faɗa wa baƙo kuwa kalma biyu ce: sauro da gumi. Sai in ɓata fuska in yi ta bayanin zazzaɓi, kamar namu sauron na bakin Tapkin Saw azumi yake yi a watan Agusta.

Arewacin ƙasar kuma da sanyi nake kashe shi, a nan ne ma ƙaryata ta haɗu da ragwantata. An taɓa tura ni aiki Agadas ina saurayi. Zafin rana bai dame ni ba, ɗan Arewar Dogon Dutsi ne ni. Daren Janairu ne ya tona mini asiri. Duk rigar da na mallaka sai na sa ta, in ɗora bargo, in naɗe kai da rawanin aro, da asuba kuma in tsaya gaban buta ina shawara da ita, alwala ko taimama. Yaran da nake koyarwa suna zuwa da riga ɗaya, suna kallon mushensu yana rawar ɗari yana yi musu bayanin hamada. Tun daga lokacin na ƙulle ƙasar Abzin a raina. Ba na gaya wa kowa cewa dutsen Bagzan ya kai tsawon mita 2,022, cewa tsayin wurin na sassauta zafi, cewa a Timiya ana noman lemo da rumman da inabi, ko cewa wanda laima ke takura wa ƙirji zai iya samun sauƙi a busasshiyar iska irin ta can. Cewa nake yi: «Ɗana, sanyin can har cikin ɓargo yake shiga.» Bilma kuwa, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 20, ba na ma wahalar da bakina. Gishirinta da dabinonta sun iske mu a kasuwa, ya isa.

Inda rashin kunyata ya fi fitowa fili shi ne garuruwan babbar hanya. Yamai, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maradi da Damagaram duk a ɗamara ɗaya suke, tsakanin digiri 13 da 14 arewa da tsakiyar duniya. Rana ɗaya ce ke gasa mu, hazo ɗaya ke rufe mu, bambancin kawai ruwa na ɗan raguwa in ka yi gabas. Amma ka ji ni ina kwatanta zafin Yamai a watan Afrilu, yadda yake wuce digiri 40 kusan kullum, sai ka rantse mu a nan, da ke wajen kilomita 270 gabas da ita, ƙanƙara ke sauko mana. Ina ƙara masa da ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya ci unguwanni. Damagaram in ce ƙishirwa. Tawa in ce iska da rairayi, in yi shiru a kan albasar Galmi. Diffa in ce nisa, in manta da tattasan bakin Komadugu. Maradi ce ke ba ni wuya, don ban samu laifin da zan ɗora wa samaniyarta ba, sai in koma kan hayaniyar babura, wadda ba ta cikin darasin yanayi ko kaɗan.

In na share fage, sai in kawo Dutsi a hankali, kamar ban damu ba. Ga Dallol Mauri, tsohon kwarin da kogi ya bi a zamanin da, inda a wurare da yawa ruwa ke kusa da hannun mai haƙa rijiya. Ga dankalin turawa da ake nomawa da sanyi, har Yamai ta san shi. Ga wake. Ga ruwan sama wajen milimita 500 zuwa 600 in shekara ta yi hali. Duk gaskiya ne. Sai dai iyakar Arewa a bakina roba ce. In ana maganar rake da lambuna, Gecheme tamu ce, ko da yake tun 2011 aka ware Tibiri ta zama sashe mai cin gashin kanta, Gecheme kuma can take. In ana maganar ƙarancin ruwa a Dogon Kiriya, wadda take cikin sashenmu sosai, sai in ɗaga hannu in ce ai waɗannan sun kusa Tawa.

Abin da nake haɗiyewa ya fi wanda nake faɗa. Duwatsun nan da nake nuna wa baƙo da alfahari, da bazara wuni suke suna shan rana, da dare su amayo mana ita. Da damina kuma ruwan da ya zuba a kansu ba ya tsayawa, gangarowa yake da yashi ya nufo gari. Ba na ambaton sanƙarau, wanda lokacinsa ke zuwa da hazo da zafi a duk faɗin wannan ɗamara. Ba na ambaton farin 1984, wanda duk mai furfura a nan yake tunawa. Wani baƙo mai ido ya taɓa tambaya ta me ya sa, in garin haka yake, samarinmu ke cika motoci zuwa biɗa da zarar an gama kaka. Na ce masa yawon buɗe ido ne. Bai yi dariya ba, ni ma na daure.

Akwai kuma dabarar da ban san ina yin ta ba sai da uwargida ta nuna mini: ban taɓa gayyatar kowa ganin gari ba sai tsakanin Nuwamba da Janairu. Rumbu cike, lambu kore, dare da ɗan sanyi daidai jikina. A irin wannan lokaci ne ɗan yayata, haifaffen Abijan, ya zo da matarsa suna neman inda za su yi gini. Na yi musu karatun nan kaf, daga Bilma har Gaya, ya rage kaɗan a kira dillalin fili. Sai matar, wadda tun zuwansu ba ta ce uffan ba, ta sunkuyar da kai ta ce:

«Baba, to da bazara fa? Yaya ake kwana?»

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai murya ta fito daga cikin gida: «Ki tambaye ni, ɗiyata. Jiƙa zanena yake ya lulluɓa a tsakar gida, yana nishi yana cewa wanga gari ba na mutane ba ne. Kowace shekara sai ya rantse baɗi Gaya zai koma.»

Ɗan yayata ya dube ni ya ce: «Kawu, Gaya dai? Mai sauron?»

Na ce masa maganar bazara ba a kafa shaida da ita, zafi ne ke magana ba mutum ba.

A Gaya suka yi ginin. Nakan kai musu ziyara idan mangwaro ya nuna, wanda kuma, ikon Allah, yakan zo daidai da lokacin da Dutsi ta fi ƙuna. Ina kwana cikin gidan sauron da suka ɗaura mini, in sha mangwaro har a fara ɓoye kwandon. Ranar komawa kuwa sai na duba hannuwana da kyau, in sami cizo ko guda ne, domin akwai wani malamin makaranta ɗan Togo da ya ce zai zo neman shawarata.